Gazaniya, Fulawar da Ba Ta Wahalar da Ɗan Garuwa



Duk shekara idan damina ta ɗauke, hunturu ya kunno kai, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin masu son shuka fulawa a tsakar gida ko a harabar makaranta, da waɗanda ke biyan kuɗin ruwa. Masu son fulawa su ce wuri ya yi fayau, babu kore babu ja, sai ƙura kawai ke tashi. Masu biyan kuɗi kuwa su ce ruwan sha ma da ƙyar ake samunsa, famfo ya yi wata guda bai zo ba, ɗan garuwa kullum ƙara wa jarka kuɗi yake yi, sa'an nan a ɗauki wannan ruwa a zuba wa abin da ba a miya da shi? Ni dai na daɗe ina cikin masu shuka, amma ban taɓa ganin laifin masu wannan ƙorafi ba. Gaskiya suka faɗa.

Abin da ya sa na ce gaskiya suka faɗa shi ne, da yawa daga cikin fulawoyin da ake jerawa a bakin titi ana sayarwa, asalinsu daga wurare masu lema suke. Ka saye su da tsada, ka kawo gida, shi ke nan ka zama bawansu: safe ruwa, yamma ruwa. Ranar da ka yi tafiyar kwana biyu, ka dawo ka tarar sun langaɓe kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Wanda ke sayen ruwa jarka-jarka ba zai jure wannan ba, kuma bai kamata ya jure ba. Amma fa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai fulawoyin da su ma a ƙasar fari suka tashi, sun san ƙishirwa fiye da yadda muka san ta. Ɗaya daga cikinsu ita ce gazaniya, wadda yau shekaru ke nan ina renonta a gidana, tun daga 'yan gindi huɗu da na saya a leda wurin wani mai sayar da fulawa.

Ba ta da tsawo. Idan ta yi girma ƙwarai ba ta wuce taƙi ɗaya da 'yan kai, wato tsakanin santimita 15 zuwa 30. Ganyenta siriri ne mai tsawo, yana fitowa cunkus daga gindi, sa'an nan wani ɗan kara ya miƙe daga tsakiya ɗauke da fure guda ɗaya tak. Furen kuwa ya kai faɗin bakin kofin shayi, wani ma ya fi. Akwai ruwan ɗorawa, akwai ruwan goro, akwai ja, akwai fari, akwai masu zane-zane kamar atamfa. A gindin kowane kunnen fure sau da yawa za ka ga ɗigon baƙi ko ruwan ƙasa, wani har da ɗan fari a tsakiyarsa, ɗigunan su haɗu su yi zobe kewaye da cibiyar furen. Ƙanshi kam babu wani na kirki. Wanda ke neman ƙanshi sai ya nemi yasmin.

Na san akwai ɗalibin da zai ji sunan ya tambaya ko daga Gaza ta Falasɗinu aka kawo ta. A'a. Gidanta kudancin Afirka ne, musamman ƙasar Afirka ta Kudu da maƙwabtanta. Sunan kuwa wani Bajamushe masanin tsirrai mai suna Joseph Gaertner ne ya raɗa mata a shekarar 1791, don tunawa da wani malami Bagirke, Theodorus Gaza, haifaffen birnin Tasalonika, wanda ya rayu a ƙarni na 15 ya kuma zauna a Italiya. Aikin da ya sa aka tuna da shi shi ne fassara: ya juya littattafan tsirrai na Theophrastus, almajirin Aristotle, daga Girkanci zuwa Latin. Ku duba fa, mutumin bai taɓa ganin wannan fure da idonsa ba, sai bayan ya rasu da shekara ɗari uku aka maƙala masa sunansa.

Ko da yake baƙuwa ce, danginta ba baƙi ba ne a wurinmu. Shuwakar da ake wankewa a yi miya, da latas da muke yankawa a haɗa salak, da tazargade, da fulawar nan babba mai bin rana wadda ake tatsar mai daga 'ya'yanta, duk gida ɗaya suka fito da gazaniya. Masana na kiran wannan dangi Asteraceae, kuma yana cikin mafi girman dangogin tsirrai masu fure a duniya, da nau'i fiye da 23,000. Alamar gidan ita ce, abin da kake gani ka ce fure ɗaya ne, ashe taron furanni ne. Duk ɗalibin da ya samu gazaniya, ya tsaga cibiyarta da farce ya duba da kyau. Zai ga wasu 'yan mitsi-mitsin bututu a jere, kowane ɗaya fure ne mai zaman kansa, kuma su ne ke yin iri. Kunnuwan nan masu launi da ke kewaye, su ma kowane ɗaya fure ne, amma a gazaniya ba sa haihuwa. Aikinsu talla ne kawai, su kira ƙwari daga nesa.

To, yaya take yi da ƙishirwa? Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna tun farko, kuma amsar tana jikin ganye. Ɗauki ganye ɗaya ka juya bayansa. Samansa kore ne shar, amma ƙasansa fari fat, lulluɓe da wani lallausan gashi kamar auduga. Kusan kowane ganye a duniya yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake shaƙar iska, ta nan kuma ruwan jikinsa ke fita ya bi iska. Idan busasshiyar iska na kaɗawa kai tsaye a kan waɗannan ƙofofi, nan da nan za ta kwashe ruwan, kamar yadda hunturu ke busar da wanki kafin a gama shanya. Shi wannan gashi sai ya tare iskar, ya riƙe 'yar lema a kusa da fatar ganyen. Farinsa kuma yana mayar da zafin da ƙasa ke turowa sama idan rana ta take. Wasu nau'o'in ma sama da ƙasa duk gashi ne, ka hange su kamar an barbaɗa musu toka. Wanda ya san tumfafiya ya san wannan dabara, don ita ma ganyenta toka-toka ne, ita ma kuma ba ta damu da fari ba. Har wani kamanni suke da shi: idan ka karya ganyen gazaniya za ka ga farin ruwa kamar nono ya fito, ko da yake bai kai na tumfafiya yawa ba, kuma ba dangi ɗaya suke ba.

Bayan wannan, ga ta a kwance. Tsiron da ya lafe a ƙasa iska ba ta dukansa kamar wanda ya miƙe, ganyensa kuma na yi wa gindinsa inuwa. Ga saiwa mai ƙarfi da ke bin lema ƙasa. Idan fari ya tsananta sai ta daina fure, ta bar wasu ganyen su bushe, ta yi likimo tana jira. Ba mutuwa ta yi ba.

Batun mutuwa ya tuna mini da jikata. Farkon lokacin da fulawar ta fara buɗewa, yarinyar ta wuni tana zagayen ta. Da yamma lis sai ga ta a guje tana haki, ta ce, “Kaka, Kaka, zo ka gani, fulawarka duk ta mutu!” Na fito na duba, na ga kowane fure ya naɗe kunnuwansa ya tsuke kamar lema da aka rufe. Na ce mata, “Ba mutuwa ta yi ba, uwata, barci take yi. Gobe da hantsi ki zo ki duba.” Ba ta yarda ba sai da ta gani. Haka gazaniya take, sai rana ta ɗaga ta yi zafi take buɗewa, da la'asar sakaliya ta fara rufewa. Ranar da hadari ya rufe sama, ko hazo ya yi kauri, tana iya wuni ba ta buɗe ba sam. Masu bincike a Afirka ta Kudu sun nuna cewa irin wannan rufewa da furannin ƙasarsu ke yi tana kare garin fure daga raɓa, domin idan garin ya jiƙe yakan lalace. Daɗin daɗawa, ƙwarin da take jira su ma sai rana ta yi ɗumi suke fita. Ba ta buɗe shago sai lokacin da masu saye ke kasuwa.

Wannan ne ma ya sa ba ta da amfani a matsayin furen da za a yanka a sa a kwalba a ɗaki. Da ta shiga inuwa sai ta rufe.

Wanda ke son ya fahimci wannan tsiro sosai, sai ya san ƙasar da ta haife shi. A yammacin Afirka ta Kudu, daga kogin Orange da ya raba ƙasar da Namibiya a yi kudu, akwai wani yanki da ake kira Namakwaland, sunan da ya samo daga mutanen Nama, makiyayan da suka daɗe a wurin. Babban garinsa Springbok, kimanin kilomita 550 arewa da birnin Cape Town. Ƙasa ce ta duwatsu da rairayi. A yawancin wurare ruwan da ke sauka a shekara bai kai milimita 250 ba, alhali kuwa Kano kan samu wajen ninki uku na wannan. Abin da ya bambanta su da mu shi ne lokaci. Mu ruwanmu da zafi yake zuwa. Su kuwa nasu a lokacin sanyinsu yake sauka, wato watannin da muke tsakiyar damina, Yuni da Yuli, lokacin da rana ba ta da ƙarfin ƙafar da shi. Bugu da ƙari, tekun Atlantika da ke gefensu akwai igiyar ruwa mai sanyi da ake kira Benguela, wadda ke turo hazo mai lema ya kwanta a kan tsirrai da asuba.

Wata tara ko goma a shekara, wanda ya bi ta wannan ƙasa ba zai ga komai ba sai fako da ƙananan kurarru. Amma idan ruwan sanyi ya yi kyau, cikin Agusta da Satumba sai ƙasar ta rikiɗe. Fili iya ganinka ya koma ruwan goro da ruwan ɗorawa da fari, kamar an shimfiɗa darduma. Mutane na tasowa daga ƙasashe masu nisa don su gani. Mazauna wurin kan shawarci baƙo da kada ya fita da sassafe, ya bari sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku, kuma ya sa rana a bayansa, domin furannin rana suke fuskanta, wanda ya tunkari rana ƙeyarsu kawai zai gani. Wani abin mamaki kuma, inda furannin suka fi cika sau da yawa tsofaffin gonaki ne da aka taɓa nomewa aka bari, irin abin da muke kira saura. A wurin da ake kira Skilpad, cikin gandun Namakwa, haka abin yake.

A cikin wannan taro akwai hanyoyi biyu na zama da fari, kuma ni a ganina nan ne darasin noman yake. Gazaniya, kamar nau'in nan mai jan ƙasa da ake kira Gazania krebsiana, mai daɗewa ce: gindinta na nan shekara da shekaru, ta jure rani ta farfaɗo. Wata 'yar'uwarta kuwa, Dimorphotheca sinuata, wadda ita ce ake yi wa laƙabi da furen Namakwaland, ba ta jure komai. Gudu take yi. Ta tsiro da ruwan farko, ta yi fure, ta zubar da iri, ta mutu, duk cikin 'yan watanni, kamar ciyawar daminarmu. Rani ya zo ya tarar babu kowa sai iri a cikin ƙasa. Kuma ku ji hikimar da ke cikin irin: kai ɗaya yana ba da iri kala biyu. Na tsakiya fale-fale ne mai fiffike, iska ta kwashe shi, kuma yana tsirowa da wuri. Na gefe kuwa mai kaurin ɓawo ne, ya faɗi kusa ya yi kwanciyarsa, ba ya gaggawar tsirowa. Idan ruwan farko ya yaudari na gaggawa, ya sauka sau ɗaya ya ɗauke, suka tsiro suka ƙone, to ga na ajiya nan a ƙasa. Duk manomin da ya taɓa yin binne, ruwa ya yi masa yayyafi ya tsaya, ya san dalilin da ya sa ba a juye iri duka a shuka ta farko.

Su kuma ɗigunan baƙi da na ambata a baya, ba ado ba ne kawai. A can ƙasar akwai wasu ƙwari masu gashi, dangin buzuzu, da ke sauka a kan furanni don cin garin fure da neman abokan aure. Idan suka hango baƙin ɗigo a kan jan fure sai su ɗauka ɗan'uwansu ne ya riga su sauka, su ma su sauko, garin ya manne a gashinsu su kai wa fure na gaba. Akwai ma wata 'yar dangin, Gorteria diffusa, da ta kai wannan wayo maƙura. Ɗigonta yana da tudu, da gashi, da ƙyalli, sak macen wani ɗan ƙuda. Namiji ya zo da zumuɗi yana ta birgima a kai, ya tashi da gari a jikinsa, bai samu matar ba. A shekarar 2023 masu bincike na jami'ar Cambridge ta Ingila, tare da abokan aikinsu na Afirka ta Kudu, sun bayyana cewa tsiron ya ƙera wannan macen ƙarya ne da kayan gadon da dama yake da su don wasu ayyuka, ciki har da waɗanda ke fitar da gashin saiwa. A gidana dai babu waɗancan ƙwari, amma ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ba sa rabuwa da wurin da hantsi.

Akwai kuma nau'in da ke bakin teku, Gazania rigens, wanda ke yaɗo a kan tudun rairayi daga kudancin ƙasar har zuwa Mozambik. Duk inda reshensa ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa, ya kama yashin ya riƙe. Gishirin iskar teku ba ya hana shi komai. Yawancin waɗanda ake sayarwa a leda yau ruwa-biyu ne, an haɗa wannan da wasu nau'o'in don a samu manyan furanni.

Kada wani ya ɗauka maganar tattalin ruwa a lambu ta talaka ce kawai. Birnin Cape Town, da duk dukiyarsa, ya yi fari na shekara uku a jere, har a watan Fabrairu na 2018 hukuma ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana. Jarka biyu ke nan, a ciki za ka sha, ka dafa, ka yi wanka, ka yi wanki. An hana ban ruwan lambu da ruwan famfo. Masu korayen ciyayi irin na Ingila suka zuba ido filayensu suka ƙone. A wannan birni ne kuma lambun Kirstenbosch yake, wanda aka kafa tun 1913 don renon tsirran ƙasar, kuma a cikinsa akwai sashe na musamman da ke nuna wa jama'a yadda ake lambu da ruwa kaɗan.

Yanzu bari mu dawo gida, ga wanda ke son ya gwada.

Abu na farko, rana. A nemi wurin da rana ke duka aƙalla awa shida. Gindin darbejiya ko bayan katanga mai inuwa ɓata lokaci ne, ganye za ka samu ba fure. Na biyu, ƙasa. Jigawa take so, mai rairayi, wadda ruwa ke wucewa. Idan ƙasar gidanku laka ce, a haɗa ta da yashi sosai, a tayar da kwamin ya yi tudu, ko kuma a shuka a tsohuwar taya, ko fasasshiyar randa, ko gwangwanin fenti da aka huhhuda gindinsa. Taki kaɗan ya isa, kuma ya zama ya ruɓe. Idan aka cika mata taki sai ta yi ta ganye ta manta da fure.

Lokacin da ya fi dacewa da ita a wurinmu, bisa ga abin da na gani, shi ne bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa Nuwamba. Idan iri ne, a watsa a kasko, a rufe da 'yar ƙasa sama-sama, a riƙa yayyafa ruwa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai tsiro. Idan ya yi ganye huɗu ko biyar a dasa da yamma, a bar tazarar taƙi ɗaya ko fiye tsakanin gindi da gindi. Daga shuka zuwa fure kimanin wata uku ne. Wanda kuma ya samu maƙwabci mai ita, ba sai ya sayi iri ba: a tono tsohon gindi, a raba shi biyu ko uku da hannu, kowane da saiwarsa, a dasa. Wannan hanya ma ta fi tabbas ga mai son launi ɗaya, domin irin ruwa-biyu ba lalle ne ya fito kamar uwarsa ba.

A nan ina so iyaye su lura da kyau. Jure fari ba daga ranar dashe yake farawa ba. Mako uku ko huɗu na farko jaririya ce, sai an ba ta ruwa akai-akai har saiwa ta kama. Bayan nan ne ake janyewa. A gidana, kwami mai tsawon taku biyu da faɗin taku ɗaya, jarka guda na kai shi mako a lokacin hunturu. Idan bazara ta shigo, Maris da Afrilu, nakan ba shi sau biyu, kuma a lokacin furen kan ragu ya ƙanƙance. Ƙa'idar ita ce a tura yatsa cikin ƙasa. In da lema, a bari. In ta bushe, a ba ta ta ƙoshi, a gindi, da safe, sa'an nan a ƙyale ta. Ɗan yayyafin kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama ta zama raguwa.

Yawan ruwa ya fi rashinsa kashe ta. Wata maƙwabciyarmu na ba ta gindi uku, bayan wata guda ta aiko a gaya mini wai sun ƙi ta. Na je na duba, na tarar ƙasar caɓa-caɓa, gindin ya yi baƙi ya ruɓe. Na ce, “Hajiya, sau nawa ake ba su ruwa?” Ta ce, “Wallahi Malam ban taɓa fashi ba, safe da yamma, tare da alayyahona.” Na ce, “To ai shi ke nan, Hajiya, kirkinki ne ya yi musu yawa.” Na sake ba ta wasu, yanzu nata sun fi nawa kyau.

A makaranta kuwa ko jarkar ma ba sai an saya ba. Ruwan alwalar da ke gangarewa kwata kullum, babu sabulu a cikinsa, babu maiƙo. Da za a ajiye bokiti a tara, ya isa ya riƙe kwami biyu ko uku a gaban azuzuwa. Sai dai kada a shuka ta a bakin magudanar kanta, inda ƙasa ba ta bushewa. A tara ruwan a kai mata ranar da take buƙata. Kuma hutun mako biyu ba zai kashe ta ba, wanda ba za a iya faɗar haka game da yawancin fulawoyi ba. Amfaninta bai tsaya ga kyan gani ba, domin inda ta rufe ƙasa, ƙura ba ta tashi, gefen kwami kuma ba ya zaizayewa. Awaki dai sai an yi shinge. Ƙananan yara kuma a gaya musu ba abin ci ba ce, su wanke hannu idan farin ruwan ya taɓa su.

Akwai magana ɗaya da ba zan ɓoye ba, don wanda ya yabi abu ya kamata ya faɗi aibinsa. Halin da ya sa take da daɗin reno, shi ne ke sa ta zama fitina idan ta tsere. Irinta na da gashi, iska na ɗaukarsa. An kai ta Ostareliya don ado, ta samu ƙasa mai rairayi da ƙarancin ruwa irin ta gidansu, ta fita daga lambuna ta bi gefen hanyoyi, ta hau tudun bakin teku, ta shiga gonakin inabi da na hatsi, tana danne tsirran ƙasar tana shanye lemar da amfanin gona ke buƙata. Abin ya kai a jihar Ostareliya ta Kudu hukuma ta sa ta cikin miyagun ciyayi, ta hana sayar da ita sai 'yan nau'o'in da ba sa yin iri. A Kalifoniya ta Amurka ma ta fita daji. Mu ma a Nijeriya mun ga irin wannan da wata 'yar dangin nasu, doguwar fulawa mai ruwan ɗorawa 'yar asalin Meziko, Tithonia, wadda yanzu ta cika gefen hanyoyi da saurukan kudancin ƙasar nan. Saboda haka ni ra'ayina, gazaniya ta tsaya a tsakar gida da harabar makaranta da cikin tukwane. Kada a kai ta gona, kada a zubar da tsofaffin gindinta a bola ko bakin rafi. Duk furen da ya bushe a tsinke shi da karansa kafin ya yi gashi. Wannan aiki riba biyu ne, domin tsinkewar na sa ta sake fitar da sababbin furanni, kuma aiki ne da ɗan aji ɗaya ma zai iya.

Babban gwajinta a ƙasarmu ba bazara ba ce, Agusta ne. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga zafi, ga lema a iska, abin da ba ta saba da shi ba a gidansu ke nan. Wadda ke ƙasa a wuri mai kwari da wuya ta fita. Ni abin da nake yi, da na ga damina ta kankama, sai in ciri 'yan gindi masu ƙarfi in sa a tukwane, in jera su a bakin baranda ta gabas, inda hantsi ke samunsu amma ruwan indararo ba ya zubo musu. In Oktoba ta zo in rarraba su in mayar kwami. Daga cikinsu ne na ware gindi goma sha biyu, duk ajin da ya gyara kwaminsa ya kuma samo bokitin tara ruwa, shugaban ajin ya zo ya karɓa.